Ɗaliban aikin farmasi a ƙasar Arewa: Karatu da Faransanci, kwalin magani da Ingilishi

Kwanakin baya, da muka fito daga ɗakin watsa shirye-shirye bayan shirin safe, sai muka tarar da wata Hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Dogondutsi tana zaune a bakin ƙofar gidan rediyo tana jiranmu. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo wata kwalbar siro ta miƙo mana, ta ce, "Ƴaƴana, ku da kuke magana a rediyo ai kun san Turancin kowa, ku duba mini yadda ake ba yaro wannan." Jikanta ne ke fama da tari, wani ɗan'uwansu da ya je cin kasuwa a tsallaken iyaka ya sayo mata maganin. Kafin ta zo wurinmu ta biya ta wani ɗakin sayar da magani, inda ta samu wata yarinya ɗaliba da ta zo daga Yamai tana koyon aiki a bayan kanta. Yarinyar ta juya kwalba gaba da baya, sannan ta ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, rubutun nan Ingilishi ne, ba zan faɗa miki abin da ban tabbata ba."

Mu ma da muka yi shekara 7 muna koyon Ingilishi, tun daga ajin farko na kwaleji har muka ci bak, sai da muka haɗa da ƙamus na cikin salula kafin muka gama gane abin da ke jikin kwalbar. A can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Jikan Hajiya kuwa watansa 14 a duniya. Muka ce mata ta ƙulle kwalbarta ta kai yaron wurin majo a asibiti, tun da mu ma'aikatan rediyo ne, ba mu da hurumin auna wa kowa magani.

Ba mu ga laifin yarinyar nan ba ko kaɗan, hasali ma ta cancanci yabo, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani da ya karɓi kwalbar sai ya yi ƙoƙarin fidda kansa kunya, ya ce cokali ɗaya safe, rana da dare. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, wannan yarinya iyayenta suna biya mata kuɗin makaranta, wataƙila ma daga ribar tumatur ko ta atamfa, gobe ita ce za ta tsaya a depo a Matankari ko Dumega, kuma kwalaye irin wannan za a riƙa kawo mata kullum ta Allah.

Iyaka a bayan gida

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ya san dalili. Daga Dogondutsi zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 300, alhali kuwa mutumin Dumega ko na Tibiri in ya hau kabu-kabu da hantsi, kafin azahar yana cikin jihar Kebbi. Bachaka da Kangiwa ƙasar Arawa ce, akwai auratayya, akwai zumunci, kasuwanni kuma sun saba cin juna tun kafin Bature ya ja layi. Gundumar Tibiri da aka cire daga Dogondutsi a 2011, mai ƙunshe da Tibiri da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa, jingine take da Najeriya. Wanda ciwo ya matsa wa yakan nufi Argungu ko Birnin Kebbi ko babban asibitin koyarwa na Sakkwato, ya dawo da takardar likita da ledar magani, duka da Ingilishi.

Maganin da ke bin hanyar hukuma, wato wanda ke fitowa daga ONPPC, ma'aikatar da aka kafa tun 1962 don samar wa ƙasa magani, ko daga manyan dillalai masu izini, akasarinsa da Faransanci yake zuwa, ko kuma da harsunan biyu. Amma a bayan wannan akwai wanda ke shigowa a kan babur da cikin buhun kaya, wanda aka yi a Legas ko Indiya ko Sin, ya ratso ta kasuwannin magani na Onica da Kano. Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi aka rufe iyakoki, kwantenonin magani sun maƙale a hanyar Kwatano, wasu magungunan suka yi ƙaranci a farmasi, kuɗinsu ya hau. Talaka ba ya jiran a buɗe iyaka in ɗansa na kwance. Da yawa a lokacin suka koma wurin mai tebur, kuma wasu har yau ba su dawo ba.

Su kuwa masu koyon aikin, ko a makarantar kiwon lafiya ta gwamnati a Yamai da Damagaram, ko a makarantu na kuɗi masu horar da masu sayar da magani da mataimakan farmasi, da Faransanci ake karantar da su, da shi suke jarrabawa. Cikakkun masana magani da suka fito daga jami'a ba su da yawa, kuma manyan birane suka fi riƙe su. A ƙauye, mataimaki shi ne farmasi, shi ne mai ba da shawara, wani lokaci ma shi ne mutum na ƙarshe da zai ga maganin kafin ya shiga bakin yaro.

Ina ne gizo ke saƙa?

Mun zauna da wasu ɗalibai ƴan asalin yankin nan muka baje kwalaye a kan tabarma, don mu gane ainihin inda ake tuntuɓe. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, manyan kalmomin ba su ba su wahala ba. Sunan asali na magani kusan ɗaya ne a harsunan biyu, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke daidaita shi: amoxicillin da amoxicilline, bambancinsu harafi ɗaya ne a ƙarshe. Haka kalmomi irin su "injection" da "solution" da "suspension", wanda ya yi Faransanci ya riga ya san su. Ƙananan kalmomin nan na yau da kullum su ne ke kayar da mutum: "shake", a girgiza, "chew", a tauna, "swallow", a haɗiye, "daily", kowace rana, "weekly", kowane mako, "bedtime", lokacin kwanciya, "pregnancy", juna biyu. Babu wadda ta yi kama da takwararta ta Faransanci, kuma a cikinsu ne umarnin shan maganin yake.

Ɗauki maganar cokali. "Teaspoon" ƙaramin cokali ne mai cin mililita 5, "tablespoon" kuwa babba ne mai cin mililita 15. Ido na iya ɗaukarsu kalma ɗaya in ana sauri, ga layin mutane a gaban kanta, amma wanda ya musanya su ya ninka wa yaro magani sau 3. Uwargida da ke auna gishiri da kanwa ta san abin da ninki uku ke yi wa tukunya, balle cikin jariri. Shi kansa farasitamol na yara ba ƙarfinsa ɗaya ba: akwai siro mai miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5, akwai kuma na ɗigawa mai miligiram 100 a cikin mililita 1 kacal. Wanda ya auna na ɗigawa da cokali kamar siro ya jefa hantar yaro cikin haɗari.

Sai maganar lissafi, wadda ƴan kasuwa za su fi kowa saurin ganewa. A Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, ana rubuta rabi 0,5. A Ingilishi ɗigo ake sawa, 0.5, waƙafi kuma aikinsa raba dubbai. Saboda haka in aka rubuta 1,000 mg a kwalin Indiya, ana nufin miligiram dubu, amma idon da ya saba da Faransanci zai iya karanta shi a matsayin 1. Ka ƙaddara wani ya rubuta maka bashin jika ya ce dala ce.

Takardar likitan Najeriya kuma tana da nata salon. Likita zai rubuta "b.d." yana nufin sau 2 a rana, "t.d.s." sau 3, "q.d.s." sau 4, "nocte" da dare. A gaba ya ƙara 5/7, ma'ana kwana 5, ko 2/52, ma'ana mako 2, ko 1/12, ma'ana wata 1. Ɗaya daga cikin ɗaliban da muka nuna wa 5/7 cewa ya yi ranar 5 ga watan 7 ce, wato ranar da mara lafiya zai koma asibiti. Ba wauta ba ce, ba a taɓa nuna masa ba ne.

Akwai kuma ranaku biyu da ke jikin kowane kwali. "MFG" ranar da aka yi magani, "EXP" ranar da wa'adinsa ke cika. Idan aka rubuta EXP 03/2027, maganin yana da amfani har ƙarshen watan Maris na shekarar. Mun sha ganin an jefar da magani mai kyau don an kalli ranar yi, mun kuma ga an sha wanda ya mutu don ba a san inda za a duba ba. Garin amoksisilin na yara da ake haɗawa da ruwa kuwa, wa'adin jikin kwalba na garin ne tun yana busasshe. Da zarar an zuba masa tafasasshen ruwan da ya huce zuwa kan layi, kwanakinsa ƙididdigaggu ne, galibi mako guda, kuma wannan ma a cikin ƙananan baƙaƙen yake. Haka gargaɗin a ajiye magani a ƙasa da digiri 30, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura 40, ga magani a kan faranti yana yawo cikin rana daga rumfa zuwa rumfa.

Bari mu ɗan ratse zuwa kasuwar dabbobi, don abin ya shafi dillalai da mata masu kiwon ragon layya da masu tallar nono. Allurai da manyan ƙwayoyin tsutsa na dabbobi da yawa da Ingilishi suke zuwa, an rubuta "for veterinary use only", wato na dabba ne kaɗai. Ana kuma rubuta adadin kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Wa ke karantawa? Su kuma ƴan'uwanmu mata masu sayen man shafawa na ƙara haske da ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, da za a fassara musu takardar da ke cikin kwalin tun daga sama har ƙasa, da wasu sun mayar da kuɗinsu cikin lalita.

Ingilishi ba ya gane guba

Wani hanzari ba gudu ba, kada a ɗauka iya karanta kwali shi ke nan an tsira. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a ƙasar nan, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu da ta shigo cikin gudummawa daga Najeriya, ɗauke da tambarin sanannun kamfanoni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutane 2,500 da wannan lamari. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, siron haƙorin jarirai mai suna My Pikin da aka yi a Legas ya kashe yara 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da wani sinadari mai guba irin wanda ake sawa a ruwan birkin mota. A 2022 irin wannan guba a cikin siron tari da aka yi a Indiya ta lalata ƙodar yara a Gambiya, kimanin 70 suka rasu. Babu rubutun da ke jikin waɗannan kwalabe da zai gaya wa mai karatu cewa akwai ajali a ciki. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, irin LANSPEX da ke Yamai, da na hukumomin da ke tsaron ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, magani 1 cikin 10 ko dai jabu ne ko kuma bai cika inganci ba.

Amma da zarar an gano irin wannan magani, sanarwar da ake fitarwa takan zo da sunan maganin, da sunan kamfani, da lambar rukunin da aka yi shi a ciki, wadda ake rubutawa "Batch No." a gefen kwali. Mataimakin da bai san wannan layi ba, ba zai iya duba kantarsa ya fidda na cirewa ba. Bugu da ƙari, masu yin jabu sukan yi kuskuren rubutu, harafi ya ɓace ko kalma ta karkace, kuma sai wanda ya san yadda kalmar take daidai zai ga ta karkace. Maganin da aka yi wa rajista a Najeriya yana ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 wadda ta yi suna a zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008. Tun 2010 hukumar ta fito da tsarin kankare wani wuri a jikin wasu kwalaye a aika lambar ta saƙon salula, amsa ta dawo ko na gaske ne, kuma amsar da Ingilishi take zuwa. Haka tramol: wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a tasha yana kai 225, ga shi nan ɓaro-ɓaro a jikin kati.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin asibiti ya ƙalubalance mu a kan wannan batu. A ganinsa, koya wa yara karanta kwalin da ya shigo ta bayan gida tamkar halatta fasa-ƙwauri ne, abin da ya dace a koya musu shi ne su ce wa mai saye ya jefar. Maganarsa tana da nauyi, kuma mu ma ba mu ce mai tebur ya zama likita don ya haddace kalma goma ba. Sai dai Hajiyar da muka fara da labarinta ta riga ta biya kuɗin kwalbarta, kuma ba za ta jefar don an ce ta jefar ba. Abin da ya sa ta ƙulle ta shi ne an nuna mata layin da ya ce ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Mutumin da ya dawo daga Sakkwato da takardar likita ta halal shi kuma ba fasa-ƙwauri ya yi ba.

Abin da ya kamata a koyar

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum ke gani game da siyasar abin, a bayan kantar farmasi a Kore Mairuwa an daɗe da zama da harsunan nan uku: ilimi da Faransanci, kwali da Ingilishi, mai saye da Hausa, wani lokaci da Zabarmanci ko Fulatanci. Doka ce ta zo ta tarar da kasuwa.

Ingilishin da muka koya a kwaleji na gaisuwa ne da jera sigogin aikatau a kan allo, shi ya sa ya zube da muka bar makaranta. Wanda ɗalibin farmasi ke buƙata bai kai wannan yawa ba, amma yana son a riƙe shi daram. A ganinmu, darasin ya fara daga kwali, ba daga littafi ba. Malami ya shigo aji da buhun kwalayen da aka gama amfani da su, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, ya nuna sunan asali, da ƙarfin magani, da wa'adi, da lambar rukuni, da gargaɗi. Sannan a sa ɗalibi ɗaya ya zama mai saye, tsohuwa mai gaggawa da ba ta yi boko ba, ɗayan ya yi mata bayani da Hausa tsantsa. A nan ne ake gane wanda ya fahimta, domin fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci a kan takarda ba ta warkar da kowa. Ɗalibin da ya iya cewa maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, a sha da abinci mai maiƙo ko madara, kuma kada a tsaya don jiki ya yi sanyi, wannan ya ci jarrabawa. Wanda ya san cewa harufan "SR" daidai suke da "LP" na Faransanci, wato ƙwayar da ke narkewa a hankali wadda ba a daka ta ko a tauna, shi ma haka.

Malamai ba su yi wuyar samu ba. Akwai malaman Ingilishi a kwalejoji da lise na Dogondutsi da Tibiri, akwai ƴaƴanmu da suka yi karatun kiwon lafiya a Najeriya suka dawo gida. Abin da ya rage shi ne a haɗa malamin harshe da ma'aikacin farmasi a aji ɗaya, tun da malamin Ingilishi bai san 2/52 ba, shi kuma ma'aikacin bai san yadda ake koyar da harshe ba. Salula tana taimakawa, mu ma da ita muka fita kunya, amma fassarar na'ura kan kauce, kuma akwai ƙauyukan Dogon Kiriya da Sukukutan da sai an hau tudu ake samun layi.

Ku iyaye mata da ƴan kasuwa da ke biyan kuɗin waɗannan makarantu, kuna da bakin magana. Kafin ki zuba kuɗin rajista, Hajiya, ki tambayi shugaban makaranta ko ana koyar da karanta kwalin Ingilishi, awa nawa a mako, kuma da littafi ake yi ko da kwali. In ɗiyarki ta zo hutu, ki ɗauko duk maganin da ke cikin kwanon jere ko ƙarƙashin katifa ki sa ta karanta miki wa'adinsu ɗaya bayan ɗaya. In kuma za ku sayi magani, kada ku yarda a yago muku kati a jefar da kwali da takardar ciki, ku taho da su gida, in ciwo ya ƙi sauƙi ku tafi da su asibiti majo ya ga abin da aka sha.

Yarinyar nan ɗaliba ta zo ta same mu a gidan rediyo kafin ta koma Yamai, riƙe da ƙaramin littafin da ta fara rubuta kalmomi a ciki, layi uku-uku: Ingilishi, Faransanci, Hausa. Ta roƙi mu taya ta tara kwalaye don ta kai wa abokan karatunta. Mun ajiye babban kwali a bakin ƙofar tashar, duk mai kwalin magani da babu komi a ciki, ko takardar ciki da aka gama da ita, yana iya jefawa idan ya biyo ranar kasuwa. Kwali da takarda kawai muke karɓa, banda ragowar magani.